A Gaya Wa Yarinyar Dada

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami a kan wannan magana, ina roƙonsa ya tsare ni daga ƙari da ragi, domin manyan da zan ambata duk sun riga mu gidan gaskiya, babu mai tashi ya ce ba haka aka yi ba.

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ni da kakanku Malam ba ma magana sai da Faransanci, kuma na san abin da kuka ji a kai. Kun ji an ce iyayi ne irin na 'yan boko. Kun ji an ce gulmar mutanen gida muke yi a gabansu. Mafi muni shi ne wanda 'yar'uwarku Rabi ta kwaso mini daga gidan biki a Kiru bara, ta dawo idonta jawur, wai Malam ya kori mahaifiyarsa daga gidansa saboda yaren Nasara. To ku gyara zama. Ina wurin aka yi, kuma ni ce sanadi. Na gaji da jin mutanen da ko cikinsu ba a yi ba a lokacin suna ba da labarin kamar su suka ɗaure mata kaya.

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Tudun Wada, kuma aka sa mini sunan Dada, mahaifiyar Malam, wato Hafsatu. Abin ya zame masa biyu ke nan: ba ya iya kiran sunan uwarsa, ba ya kuma iya yi wa 'yar fari magana. Ku da kuka taso kuna hawa kafaɗar babanku kuna ƙwace masa hula ba lallai ku gane ba. A lokacinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya kallon fuskarsa a gaban mutane. Idan Malam yana son ruwan alwala kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa yarinyar Dada ta kawo buta. Babu wanda zai gaya mini. Na riga na ji, sai in kai in ajiye a gefensa in juya. Haka muka yi shekara goma sha biyar a gida ɗaya, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba, don ban san ana yin wani abu daban ba.

Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Dada, a can na girma. Bafulatana ce daga wajen Falgore, doguwa, siririya, ga tsabta har ta yi yawa, ga zolaya. Takwara take ce mini. Bayanta na kwana, hannunta na ci, ita ta koya mini kitso da dama fura da yadda ake zama a gaban manya. A wurinta kunya ita ce mutum. Wanda ya rasa ta, ko ya haddace littattafai nawa, ba ta ganinsa da gashi. Abin da mutanen gidan bikin ba su sani ba, ko suka sani suka ƙi faɗa, shi ne Malam ma ɗan farinta ne. Ba ta taɓa yi masa magana ba tunda ta haife shi. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta kawar da kai ta ce da ni in ce wa mai gidan nan mun kwana lafiya. Ni ma ba ni da bakin faɗa masa, sai in yi shiru. Ya ji, ta san ya ji, ya tashi ya tafi. Mu uku ke nan, kowa yana magana da bango, kuma gida yana tafiya lafiya lau.

Faransancin kuwa a Damagaram ya samo shi. Yana yaro wani kawunsa ɗan kasuwa ya tafi da shi can, aka sa shi a makarantarsu, ya dawo gida da harshen a bakinsa, ya yi horon malanta, aka ba shi aji a makarantar jeka-ka-dawo ta garinmu. Da na shiga makarantar sai ya yi dabara aka sa ni a ɓangaren wata malama, don kada mu haɗu. Shekara biyu dabarar tana aiki. Da muka shiga aji uku aka yi wa malamar canjin wurin aiki, ba a kawo wata ba, aka haɗe mu duka aka ba shi.

Ranar farko da na shiga ajinsa wallahi ban gane mutumin ba. Malam da na sani a gida mutum ne mai nauyi, wanda in ya yi gyaran murya a zaure har awaki sai su daina tuƙa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Sai ga shi a nan ya cire hula ya ɗora a tebur, ya naɗe hannun riga, ya ari ɗankwalin wata yarinya ya ɗaura, ya zama tsohuwa mai ciwon haƙori. Yara su ne likitoci. Dole su tambaye shi ina ke ciwo, tun yaushe, me ya ci jiya, duk da Faransanci, shi kuwa yana riƙe da muƙamuƙi yana nishi, duk wanda ya yi tambayar ba daidai ba sai tsohuwar ta ce kunnenta ba ya ji, a sake. Aji ya kaure da dariya.  Ni kam na zauna baki buɗe ina cewa a raina, ashe wannan mutumin yana cikin gidanmu duk shekarun nan ban sani ba.

Yakan ce duk wanda aka kaɗa ƙararrawa bai yi kuskure goma da bakinsa ba, to ranar bai zo makaranta ba. Allo ba ya damunsa sosai, baki yake so ya ji yana motsi, kuma wasanninsa ba sa ƙarewa. Akwai gaisuwar ƙofa: zai tsaya a bakin aji, ba mai shiga sai ya amsa masa tambaya ɗaya, ko me ka karya da shi, ko wa ka gani a hanya. Akwai ƙwallon tsumma da ya ɗinka da kansa, ya jefa maka ka cafe ka ƙara jimla ɗaya a labarin da ake ginawa, ka jefa wa wani. Mun taɓa soma labari da akuya ta ɓata a dajin Ɗansoshiya muka ƙare da ita tana tuƙa tirela. Akwai wanda ake manna maka takarda a baya da sunan wata dabba ko sana'a, ka yi ta zagayawa kana tambayar mutane har ka gano ko kai wane ne. Yaran da a wasu darussa ko da bulala ba sa buɗe baki, a ajinsa sai an roƙe su su yi shiru. Na ga ɗan makiyayi mai in'ina, da ko sunansa ba ya iya faɗa a tsaye, yana ciniki da Faransanci yana rantse-rantse. Har yau da na yi shekara talatin da wani abu ina aikin koyarwa, ban ga mai buɗe bakin yaro kamarsa ba.

Sai dai ni ban shiga ciki ba. Idan layin ƙofa ya zo kaina, sai Malam ya sunkuya yana gyara takalmi, ni kuma in sulale in shige. Wata uku cur yana gyara takalmin nan. Ƙwallon tsumma bai taɓa fitowa daga hannunsa ya nufo ni ba, in kuwa wata ta jefo mini, sai ya juya yana leƙen taga, ni kuma in miƙa wa ta kusa. Adadinmu ba ya rabuwa biyu-biyu daidai, kullum mutum ɗaya ke ragewa, kuma kowa ya san wace ce. Sai a ajiye alli a gefen tebur, in tashi in ɗauka in riƙa rubuta waɗanda suka ci. A takarda babu mai kamo ni. Kalmomin duk suna kaina, in na koma gida ina shara ina maimaita su ƙasa-ƙasa, har Dada ta riƙa tambayata ko da aljanun kukar bayan gida nake hira. Amma a gaban mutum ko gaisuwa ban taɓa yi ba.

A ƙarshen shekarar za a turo wani daga Kano ya yi mana jarrabawar baki, wanda ya ci a ba shi gurbi a kwalejin horon malamai. Wanda bai ci ba, musamman mace, karatunsa ya tsaya a nan, haka abin yake a lokacin. Shugaban makaranta ya kira Malam ya nuna masa takarduna, ya ce wannan yarinya ita ce ta ɗaya, amma in aka zaunar da ita gaban baƙo a yadda take, ko sannu ba za ta ce ba. Malam ya dawo gida bai faɗa wa kowa ba, sai da matar shugaban ta tsegunta wa Umma, mahaifiyata. Ita ma Umma kunyata take, ba ta kiran sunana, amma ita mace ce mai hanyoyinta. Ran nan ina daka a bayan ɗaki ta kai masa tuwo, na ji ta ajiye kwano da ɗan ƙarfi.

"'Ya'yan mutane duk ka buɗe musu baki," in ji ta. "Ta gidanka ka mai da ita bebiya, kuma kai za ka zauna a ɗakin jarrabawar kana kallo."

 Tuwon nan a rufe aka ɗauke shi.

Wata Asabar cikin damina, bayan an gama noman farko, ya zo gaisuwar safe kamar kullum. Dada tana zaune tana tsince wake a faifai, ina gefenta. Ta ba da amsarta ta bakina, amma bai tashi ba. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Dada, izini na zo nema. Yarinyar nan tana ajina, aikina kuwa da baki ake yin sa. In ban yi mata magana ba za ta faɗi, kuma ni ne na kayar da ita. Na yi miki alkawari ba zan taɓa yi mata kalma ɗaya da Hausa ko da Fillanci ba, a gida ko a waje, har in mutu. Da yaren can kaɗai."

Dada ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce da ni in tambayi mai gidan nan, yaren can da wane baki ake yin sa, ko akwai wani ban da wanda Allah ya ba shi. Sai kuma ta ajiye faifan. 

"Takwara, ki ce masa shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da bakina. Ya yi ƙyanda yana ɗan shekara huɗu har aka fid da rai, ina bayan ɗaki ina cizon zanena, ban shiga na ce masa sannu ba. Ranar da aka tafi da shi Damagaram ban raka shi ko bakin ƙofa ba. In abin nan na banza ne, wanda ake ajiyewa saboda jarrabawa, to ya faɗa mini yau, in san a banza na yi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni duk a zatona shirun nan sauƙi ne a wurinta, ashe ɗauke da shi take kullum.  Malam ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya tashi. Mako biyu babu abin da ya canza, ya ci gaba da gyaran takalminsa. Ni kuma na rasa abin da zan roƙa a salla. Ina son karatun, ina son Dada, kuma akwai wani abu na uku da nake jin kunyar faɗa ko a raina: ina son mutumin nan na cikin aji ya juyo ya yi wasa da ni ko sau ɗaya.

Ranar wata Laraba aka yi wasan makaho da ɗan jagora. Ana ture bencina gefe, a warwatsa bokitai da tsintsiya da kujeru a tsakiyar aji, wani bokitin da ruwa a ciki. A ɗaure wa ɗaya ido, ɗaya ya tsaya a can ƙarshe ya bi da shi da baki kawai. Dokar ita ce ɗan jagora ba ya cewa komai sai makahon ya tambaya, kuma in an gama sai a sauya. Aka rarrabu biyu-biyu, na tashi na ɗauki allina.

"Madmazel," na ji an ce da Faransanci, yadda yake kiran kowace yarinya a ajin, "ajiye allin nan."

Sai da na waiwaya in ga da wa ake. Ajin ya yi tsit, domin duk yaran garinmu ne, kowa ya san abin da ke tsakaninmu. Malam ya miƙa wa wata ƙawata baƙin ƙyalle ta ɗaure mini ido. Na ji takunsa ya tafi ƙarshen aji ya tsaya. Shi ke nan, babu wanda ya ƙara motsi. Sai na tambaya zai yi magana, kuma na san ba zai karya dokarsa ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na ji an kaɗa ƙararrawar tara, na ji sauran azuzuwa sun fito suna hayaniya, amma a namu ko benci bai yi ƙara ba.  Can dai, da wata murya da ban san tawa ba ce, na tambayi ubana da Faransanci me ke gabana.

"Babu komai a gabanki sai ni," ya ce. "Taho."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muryar nan na san ta tun ina zanin goyo, amma kullum wucewa take ta gefena ta tafi bango. Ranar ta zo ta same ni. Ƙyallen ya jiƙe sharkaf da hawaye, na gode Allah da baƙi ne. Na yi taku biyu na sake tambaya, ya ce hagu. Na sake, ya ce dama, akwai kujera, ki zagaye. A tsakiyar hanya har ya tsayar da ni ya ce in sake faɗin wata kalma, ban fitar da ita daidai ba, kamar yadda zai yi wa kowa, kuma wannan gyaran ya fi mini komai daɗi. Saura taku ɗaya in isa na yi gaggawa na shuri bokitin ruwa, ya malale a kan takalman nan nasa da ya sha gyarawa. Ajin ya fashe da dariya, na ji tasa a ciki. Sannan aka sauya. Aka ɗaure masa ido, na tsaya a ƙarshe, Malam da kansa yana tambayata ina zai bi, ni 'yar shekara goma sha biyar ina ce masa hagu yana yin hagu. Sai bayan shekaru na gane abin da ya sa ya zaɓi wannan wasan a cikin duk wasanninsa. Shi kaɗai ne wanda ba sai mun haɗa ido ba.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Dada ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta aika wa ɗan ƙanenta a Falgore, ta shiga wanke ƙorenta tana jerawa, ta naɗe tabarmarta, ta kulle akwatinta na ƙarfe. Malam ya durƙusa a ƙofarta kwana uku a jere yana ba ta haƙuri. Ya ɗauko liman, ya ɗauko mai unguwa, ta karɓe su da mutunci ta ce ita ba a yi mata komai ba, kewar 'yan'uwanta ce ta taso. Ranar kasuwa aka zo da mota. Na riƙe zanenta ina kuka na ce zan bi ta, karatun ma na fasa. Ta ɓamɓare hannuna ta ce ba da ni take fushi ba, in zauna in yi abin da aka soma, kada tafiyarta ita ma ta tashi a banza. Malam yana durƙushe a ƙofar zaure ta wuce ta gabansa, ta ce da direba ya gaya wa mai gidan nan Allah ya yi albarka. Wannan shi ne korar da aka ba ku labari.

Ba ta ƙara kwana a gidansa ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can kafin ta rasu, kuma a cikinsu babu Asabar ɗin da bai hau babur ya bi hanyar dajin Falgore ba, ko ruwa ake ko rafi ya cika. Ya je ya durƙusa a bakin bukkarta, ta amsa ta bakin duk wanda ke kusa, ya juyo. A gari kuwa an ci namansa. Akwai dattijan da suka daina tsayawa su gaisa da shi, akwai waɗanda suka ce boko ya cire masa kunya, shi kuma bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba. Ni ma na rasa ɗakin da na girma a ciki. Ba zan ce muku ba ta da gaskiya ba, ba zan ce shi ba shi da ita ba. Na yi shekaru ina auna su biyun, ban ga wanda ya rinjaya ba.

Da aka yi hutu na je wurinta. Muna zaune a inuwa tana yi mini kitso, ba ta ta da maganar ba sai da ta kusa gamawa.

"Takwara, in zai yi miki maganar, yana kallon fuskarki?"

Na ce yanzu yana kallo. Hannunta ya tsaya a kaina na ɗan lokaci, ta ce to, ta ci gaba da kitso.

Jarrabawar da aka yi duk wannan saboda ita ko minti goma ba ta kai ba. Wani gajeren mutum ne mai tabarau, ya ce in kwatanta masa hanya daga gidanmu zuwa makaranta. Saura kaɗan in yi dariya, don hagu da dama ne kawai. Na ci, na tafi kwaleji, na fito na koyar a Bebeji da Kiru da Doguwa, ko'ina da ƙwallon tsumma a jakata. Kai kuma babban cikinku, na san kana karantawa kana murmushi, domin ni ma ban taɓa kiran sunanka ba, har a wannan takarda. Abin yana jini, ba na jin zai fita. Amma magana dai na yi maka, wani lokacin ma har ka gaji.

Ni da Malam kuwa Faransanci ya zama ɗakinmu. Da shi ya yi mini nasiha ranar da za a kai ni gidan babanku, da shi ya yi mini ta'aziyyarsa, da shi muke musu a kan siyasa da taki da tarbiyyarku. Bayan rasuwar Dada na taɓa tambayarsa ko yanzu za mu iya komawa Hausa kamar kowa. Ya ce ita ya yi wa alkawarin, kuma ba ta nan balle ta sake shi.

Sauran kun gani da idonku, amma ba ku san me kuka gani ba. Da ya makance, ni ce nake fito da shi daga ɗaki zuwa inuwar darbejiya, ba na riƙe masa hannu, shi zai tambaya ni in ce hagu ko dama, kuna tsaye kuna cewa Mama ta cika son wasa da tsoho. Sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Da magana ta soma dawowa, Hausa ta dawo, Fillancin ƙuruciya ya dawo, Faransanci bai dawo ba. Likita ya ce akan yi haka. Sai in shigo in gaishe shi, ya juyo inda muryata take, ya buɗe baki yana lalube, babu komai, ya rufe. Fiye da wata guda yana magana da kowa a gidan ban da ni. Ƙannena suka yi ta roƙonsa ya yi mini da Hausa, ai lalura ce, Allah ma ya sani. Ya girgiza kai. Muka koma inda muka faro, ni da furfura shi da furfura, kuma wannan karon na san abin da na rasa, don haka ya fi ciwo.

Wata rana da hantsi mutanen gida suka tafi suna a maƙwabta, aka bar mu mu biyu. Ina ba shi kunu a cokali. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya alamar in dakata. Ya san babu kowa a ɗakin sai ni. A hankali ya juya fuskarsa ga bango, daidai yadda Dada take yi, ya yi magana da Hausa, harshensa da nauyi.

"A gaya wa yarinyar Dada, wata ukun nan da nake gyara takalmi a bakin aji, takalmina lafiyarsa ƙalau. Fuskata nake ɓoyewa. Duk sanda ta zo wucewa sai in ji zan kira sunanta."

Na ajiye cokalin. Ni ma na juya na dubi bangon.

"A gaya wa Malam, ta ji."

Ya gyaɗa kai, ya buɗe baki na ci gaba da ba shi kununsa har ya shanye. Ranar Juma'ar da ta biyo muka rasa shi, bai karya alkawarinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Dada, ya haɗa su a inda za ta iya shiga ta ce masa sannu.